A-kori-kurar da Ba Ta Mutuwa a Gaban Makanike

A layin masu gyaran motoci babu mai tuna sunansa na gaskiya. Tukuna kowa ke kiransa, har matarsa ma idan tsokana ta motsa mata. Dalili kuwa, tun da ya buɗe garejinsa ba a taɓa kawo masa mota aka ce, "Canja min kaza," ya amsa da "To" ba. Sai ya ɗaga tafin hannu, ya karkata kai kamar kazar da ta ji motsin shaho, ya ce, "Tsaya tukuna." Sannan ya sa a ta da injin, ya hana kowa ko tari, ya lumshe ido yana saurare. Masu gaggawa sukan yi tsaki su ƙara gaba. Bayan mako biyu su dawo ana turo su.

Garejin ba wani abin a zo a gani ba ne. Rumfar kwano ce mai ƙafa shida, da rami guda na shiga ƙarƙashin mota, da bencin da baƙin mai ya rine, da gwangwanayen madara jere a kan katako, kowanne cike da noti da kusoshi da guntayen waya. A jikin ginshiƙi ya rataye wani tiyo mai tsawon gaba biyu. Wannan tiyo shi ne babban kayan aikinsa: baki ɗaya a jikin injin, ɗayan a kunnensa. Maƙwabcinsa Mai Walda, wanda suka shekara ashirin suna shan inuwa ɗaya suna musu, yakan ce wa baƙi, "Ku rage murya, likita na duba mara lafiya."

Shi ne auta a gidansu. Yana ɗan shekara bakwai ya warware agogon bangon babansu don ya ga abin da ke motsi a ciki. Yayarsa, wadda ta ba shi shekara takwas kuma ita ta goye shi, ita ta kwashe tarkacen a zaninta, ta ce wa baba agogon faɗowa ya yi tana shara. Ta sha faɗa a madadinsa, sannan ta ja shi bayan ɗaki ta murɗe masa kunne har ya ga taurari da rana tsaka. Yakan ce ranar ce kunnen ya buɗe. Da ya kai sha biyar, ita ce dai ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani tsohon makanike, ta ce, "Baba, ga shi nan. Ya gama da agogo, ya gama da rediyo, ya gama da keken maƙwabta. A ba shi abin da ya fi ƙarfinsa."

Ya koyi komai ban da abu ɗaya: tuƙi. Ranar farko da aka miƙa masa makulli ya matsar da motar wani, sai ya sa ribas a maimakon giya ɗaya, ya shige shagon mai aski da baya. Ba wanda ya ji ciwo, amma mutumin da ake yi wa aski ya ruga har gida da rabin kai, da zanen mai askin a wuyansa. Tun daga ranar Tukuna bai sake zama a gaban sitiyari ba sai mota na kan jak.

Ya auri mai ɗinki, suka haifi huɗu, duk sun girma sun kama gabansu. A gida ma kunnen bai huta ba. Yakan san firij zai lalace kwana uku kafin firij ɗin ya sani. Daga ƙofar gida, in ya ji keken ɗinkin matarsa na tafiya a natse, sai ya shiga da sallama mai ƙarfi. In kuwa ya ji keken na gudu ba numfashi, ya san ya yi laifi ko da bai tuna wanne ba, sai ya juya ya sayo ayaba kafin ya shiga.

Yaya kuwa, mijinta mai shagon katifu ne. Da Allah ya yi masa rasuwa, kowa ya zaci za ta sayar da shagon da tsohuwar farar a-kori-kurar da yake kai wa mutane kaya da ita. Ina! Tana da shekara hamsin ta koyi tuƙi, ta kori direban saboda yawan tsayawa shan shayi, ta ci gaba da kai katifu da kanta. Tuƙinta kamar na wadda ta bar tukunya a kan wuta: hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan a kan hon, baki kuma yana gyara wa duk direbobin gari tarbiyya.

Wata Talata da hantsi, Tukuna na cikin rami sai ya ji hon ɗin da ya sani. Kafin ya fito har ta diro.

"Auta!"

Shekararsa hamsin da biyar, gemunsa ya yi fari fat, yana da jikoki uku, amma ya fito da sauri yana goge hannu a wando.

"Yaya, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Ina fa lafiya! Wannan 'yar banzar ta mai da ni abin kallo a gari. Ina cikin tafiya lafiya lau sai ta fara tari, ta yi fizga biyu, ta mutu. In murɗa, in murɗa, ko gezau. Sai na sauko na zazzaga mata faɗa, sannan ta tashi kamar ba ita ba. Wata rana sau uku, wata rana ko sau ɗaya."

"Tun yaushe?"

"Kwana biyu."

Ya ɗaga bonet. Ya ga batir sabo dal. Ya ga wayoyin filogi sababbi. Ya leƙa ƙasa ya ga matatar mai sabuwa tana ƙyalli. Ya ɗago a hankali.

"Yaya, wa ya taɓa motar nan?"

Yaya ta dubi rufin kwano kamar tana ƙirga ramukan ƙusa.

"Yaya."

"To, wata uku ne. Kuma gareji uku. Na ƙarshen har tanki ya sauke, ya canja famfon mai ɗungurungum, ya rantse min ta warke. Ban kai shago ba ta mutu."

"Gareji uku! Ni kuma ina nan zaune, ɗan'uwanki uwa ɗaya uba ɗaya, motocin manyan mutane na layi a ƙofata?"

"Kai da na goya? Kai da na share wa majina? Wallahi duk sanda na zo juyowa layin nan sai in tuna agogon baba."

Mai Walda, da ya kashe injinsa don kada ya rasa ko kalma ɗaya, ya tuntsire da dariya har gilashin waldarsa ya faɗo.

Tukuna ya haɗiye fushinsa, don a ƙasan fushin akwai wani daɗi da ya fara tsarga masa. Gyaran da ya gagari gareji uku! Irin wannan cuta, mai zuwa ta tafi ba sallama, ita ce abincin ransa. Ya sabule tiyonsa daga ginshiƙi.

Famfon mai a cikin tanki yake zaune, shi ke turo fetur zuwa injin. Idan an murɗa makulli rabi, kafin a tayar, yakan yi wata 'yar siririyar ƙara ta daƙiƙa biyu, zuuu, kamar sauro a cikin kwalba. Tukuna ya ɗora bakin tiyo a jikin tanki ya ce Yaya ta murɗa. Zuuu. Ta sake. Zuuu. Sau goma, muryar tas, ba kaki ba tari. Ya duba fis, lafiya. Ya sa aka ta da motar aka bar ta tana aiki awa biyu cur, yana jijjiga wayoyi, yana bubbuga tanki da icen guduma, har ya sa Mai Walda ya hau baya ya yi ta tsalle. Motar ta ci gaba da gurnaninta kamar magen da ta ƙoshi.

"Ka gani ko?" in ji Yaya. "Munafuka ce. A gaban makanike ba ta mutuwa."

Ya buɗe akwatin fis ya zaro rile, wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana wanda ke sakar wa famfo wuta. Kusa da shi akwai ɗan'uwansa iri ɗaya, na hon. Ya musanya su.

"Me ka yi wa hon ɗina?"

"Aro na yi, Yaya. Idan wannan ɗan akwatin ne ɓarawon, yau mota ba za ta mutu ba, hon ne zai riƙa ɗaukewa."

"Gara motar ta mutu da hon ya mutu!"

Ta tafi tana gwada shi tun daga bakin gareji har muryarsa ta ɓace a ƙarshen layi. Da la'asar waya ta yi ƙara.

"Auta, hon lafiyarsa ƙalau, na gwada shi ya fi sau ɗari. Ita kuwa ta mutu a tsakiyar shataletale, da katifa goma a bayanta, motocin duniya sun taru a kaina."

Ya yi murmushi. An wanke rile daga zargi. "Gobe da ni za a fita," in ji shi. "Tunda ba ta mutuwa a gidan likita, likita zai bi ta har inda take mutuwa."

Washegari da safe ya isa shagon da tiyonsa a kafaɗa. Shagon dogo ne, siriri, katifu a tsaitsaye cikin ledarsu dama da hagu, sai wata 'yar hanya da mutum ɗaya ke bi a karkace. Ranar guda sha biyu za a kai wani sabon masaukin baƙi a ƙarshen gari. Aka lafta su har suka zarce kan motar, Yaya ta ɗaure su da igiya da hannunta, don ba ta yarda da ƙullin kowa ba. A cikin bodi, bayan gilashin gidan gaba, aka bar masa ɗan lungu, aka shimfiɗa masa katifar yara. Ya zura tiyo ta tsakanin kan motar da bodi, ya ɗaure bakinsa a jikin tanki da waya, ya kwanta a takure, ya sa ɗaya bakin a kunne.

Suka kama hanya. Zuuu, in ji famfo. Iska na kaɗawa. Katifar ga laushi. Zuuu. Ya ce bari ya lumshe ido don ya fi jin muryar da kyau.

Abin da ya sani na gaba shi ne ana dukan tafin ƙafarsa da silifa. Ya buɗe ido ya ga fuskoki sun kai goma sun kewaye shi. Wata mata na cewa, "Wayyo, bawan Allah, ta kunne ake ƙara masa ruwan?" Wani na cewa a taimaka a tura motar zuwa asibiti kafin ya cika.

"Ba mara lafiya ba ne," in ji Yaya, silifa a hannu. "Makanike ne. Babban makanike. Auta, ta mutu minti goma da suka wuce, na yi mata faɗa har na gaji, ta kuma tashi. Me ka ji?"

Ya tashi zaune, ya goge bakinsa, ya dubi jama'a, ya dubi Yaya.

"Yaya, wannan katifar inci nawa ce?"

Labarin ya riga shi isa gida. Tun daga ƙofa ya ji keken ɗinki na tafiya yana tsayawa, yana tafiya yana tsayawa, irin tafiyar da bai taɓa ji ba. Ya shiga ya tarar da matarsa ta kifa kai a kan keken, kafaɗunta na rawa.

"Maigida, sannu da aiki," in ji ta, hawayen dariya na zuba. "An ce yau ka sha wahala. In kawo abinci ne, ko in gyara maka shimfiɗa ka ƙarasa gyaran?"

"Maman yara, ke ma?"

"Shekara talatin kana ce min barcinka ba shi da nauyi, ko kiyashi ya wuce kana ji."

Kashegari ya ƙi katifa, ya zauna a kan akwatin sifanunsa mai murfin ƙarfe, wanda ko mashayi ba zai yi barci a kansa ba. Ranar cinikin bai yi yawa ba, katifa biyu kacal, aka shimfiɗa su a cikin bodi aka danne da tayar safaya. Bayan sun sauke ya ce su ci gaba da yawo. Suka zaga gari awa uku. Suka hau gada, suka sauka, suka bi hanyar ramuka, suka shiga cunkoso, suka fita. Famfo na ta waƙarsa ba ko tuntuɓe. Duwawunsa suka mutu, motar ba ta mutu ba.

A hanyar gida yana ɗingishi yana lissafi. Katifa goma, ta mutu. Katifa sha biyu, ta mutu. Katifa biyu, lafiya. Ba kaya, lafiya. To nauyi ne? Ina nauyi a katifa, abin da mutum ɗaya ke ɗaukar biyu a ka? Zafi ne? Ai awa uku ta yi a rana. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ya ji zuciyarsa na ɗan tsalle kamar ta mafarauci da ya ga sawu.

Da sassafe ya sa Yaya ta fara biyowa gareji kafin ta yi lodi. Ya kwanta a ƙasa, ya zura hannu saman tanki, ya laluba wayoyi biyun da ke shiga famfo, ya jona musu doguwar waya mai ɗan ƙwan fitila a ƙarshenta, ya jawo ƙwan har bayan gilashi ya rataye.

"Wannan kuma adon mene ne?"

"Shaida ne, Yaya. Muddin wuta na isa famfo, ƙwan nan zai kasance a kunne. In mota ta mutu ƙwan na ci, famfon ne mai laifi ko da sabo ne. In ƙwan ya riga ta mutuwa, to yunwar wuta ce ke kashe famfon, sai mu nemi inda wutar ke maƙalewa."

Yaya ta dubi ƙwan, ta dube shi. "Wa ya koya maka wannan?"

"Wanda kika kai ni wurinsa."

Ranar katifa sha huɗu ne, na ɗakin kwanan ɗalibai. Aka yi lodi kamar tsauni, Yaya ta ɗaure ta tamke, ta sa ƙafa a jikin taya ta ja igiya har sai da ta yi ƙara. Tukuna ya hau akwatinsa, tiyo a kunne, ƙwan fitila na lilo a gaban hancinsa.

Minti ashirin ba labari. Suka gangara daga gada suka shiga wani wuri da kwalta ta farfashe. Motar ta yi tsalle ɗaya, ta yi na biyu. Ƙwan ya ƙifta. Tukuna ya kafe shi da ido. Ƙwan ya sake ƙiftawa, ya yi ja kamar garwashi, ya ɗauke. A kunnensa waƙar ta sarƙe, zuu, zu, sai shiru. Ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan injin ya yi tari, ya yi fizga biyu, ya mutu. Yaya ta gangara da ita gefen titi.

Ya miƙe tsaye a bayan mota, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ta mutu! Alhamdulillahi, ta mutu! A gabana ta mutu!"

Wani dattijo da ke wucewa a kan keke ya taka birki ya sauko. "Innalillahi! Wa ya rasu? Kai kuma wane irin mutum ne da ake mutuwa kana murna?"

"Ƙanena ne, Malam, yi haƙuri," in ji Yaya ta taga. "Tun yana ƙarami haka yake."

Tukuna ya diro kamar ɗan shekara ashirin. "Kada ki taɓa komai, Yaya! Bar makullin a kunne. Kada ki ko yi atishawa!"

Ya ɗaga bonet, ya zare rile, ya haɗa ramukansa biyu da guntuwar waya don wuta ta tafi famfo kai tsaye ba tsayawa. Ya gwada a nan, wuta na nan da ƙarfinta. Ya leƙa baya, ƙwan a mace. Wato wuta ta baro gida amma ba ta isa ba, a hanya aka tare ta. Ya kwanta rigingine a kan tsakuwa ya shige ƙarƙashin motar, ya fara bin damin wayoyi da ido daga gaba zuwa baya, taƙi bayan taƙi.

Yaya kuwa an ce kada ta taɓa komai, amma ba a ce kada ta yi magana ba. Ta sauko ta fara zagayen da ta saba.

"Ke dai ba ki da kunya. Me na rage ki da shi? Mai ne ban ba ki ba? Sababbin tayoyi ne ban sa miki ba? Kin tara min jama'a, kin sa ƙanena kwanciya a titi kamar mahaukaci."

Tana faɗa tana tafe, ta zo gefen hagu, hannunta ya kai kan igiya kamar kullum, ta ɗan girgiza ta ta ji ko kaya sun saki.

Zuuu.

Tukuna ya zabura har goshinsa ya bugi salansa. "Yaya! Me kika yi?"

"Faɗa na yi mata. Na gaya maka tana jin faɗa."

"Ban da faɗan!"

"Ba komai. Igiya na ɗan taɓa."

"Sake taɓawa!"

Ta ja igiyar. Shiru, ƙwan ya ɗauke. Ta saki. Zuuu, ƙwan ya kama. Ta ja. Shiru. Ta saki. Zuuu. Dattijon mai keke, da ya fasa tafiyarsa, ya shiga ba da rahoto da ƙarfi: "Ya kama! Ya mutu! Ya kama!"

Daga ƙasa Tukuna ya ga abin da idonsa. Igiyar ta zuro ta wani rami a ƙasan bodi, ta zagaye wani ƙarfe, ta haɗa har da damin wayoyin da ke kwance a jikinsa ta shaƙe su tare. Taƙi ɗaya daga wurin akwai soket inda wayar famfo ke haɗuwa da ta gaba. Duk sanda aka tamke igiya sai ta ja soket ɗin ya ɗan buɗe baki, rami ɗaya a hanya ya ƙarasa raba su. Ya zare shi ya duba: ƙafa ɗaya ta ƙone ta yi baƙi, robar gefenta ta narke. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Ya fito da baya da baya, ƙasa a gemu, ƙulu a goshi, ya ɗauki tiyonsa ya riƙa juya shi a sama yana taka rawa a gefen titi. Ya rungume dattijon da bai taɓa gani ba. Ya sumbaci ƙwan fitilar, ya ƙone leɓe, bai damu ba.

"Igiya ce! Gareji uku, batir, filogi, matata, famfo sabo, ashe igiya ce! Yaya, ke ce! Wata uku ke ce ke kashe ta da hannunki, ke ce kuma ke ta da ita! Wa ya ce ki zura igiya ta wannan ramin?"

Yaya ta durƙusa ta leƙa. Ta miƙe. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a natse, abin da tun suna yara ya san ba alamar alheri ba ce.

"Auta, a wannan gefen da akwai ƙugiyar ɗaure kaya, ko babu?"

"Da akwai."

"Ta karye wata huɗu da suka wuce. Na ɗauko ta a jakata na kawo gidanka ranar da na zo duba matarka da ta yi zazzaɓi. Na miƙa wa wani mutum na ce ya ba maƙwabcinsa ya liƙa min. Wa na miƙa wa?"

Tiyon ya daina juyawa.

"Me mutumin ya ce min?"

Tukuna ya ga ƙugiyar a zuciyarsa ƙarara, tana kwance a gwangwani na uku daga hagu, a ƙarƙashin tsofaffin noti.

"Ya ce... a tsaya tukuna."

Suka dubi juna. Bakin Yaya ya fara rawa. Ita ta fara fashewa, shi ya bi, har suka zube a bakin kwalta, tsohuwa mai shekara sittin da uku da ƙaninta mai furfura, suna dukan cinya suna share hawaye. Da ɗaya ya lafa sai ɗayan ya ce "igiya," su sake ɓarkewa. Dattijon ya girgiza kai, ya hau kekensa yana cewa lallai abin na gidan ne gaba ɗaya.

Da suka samu numfashi, ya kankare ƙafar soket ɗin da bakin wuƙa, ya matse ta, ya naɗe da salatif, ya mayar da rile mazauninsa. Suka sauya wa igiyar hanya. Katifu sha huɗu suka isa wurin ɗalibai ba tari ko ɗaya. Da yamma a gareji ya yanke ƙonannen soket ɗin ya sa sabo, ya ɗaure damin wayoyin can ciki inda ko da gangan igiya ba za ta kai ba. Mai Walda ya liƙa ƙugiyar, ya ƙara wasu uku kyauta, da sharaɗin a sake ba shi labarin daga farko, kuma kada a tsallake wurin silifa.

Motar ba ta sake mutuwa ba. Yaya ta bi layin shagunansu kaf tana ba da labari, kuma a bakinta ita ce ta gano cutar, Auta ya dai riƙe mata ƙwan fitila. Duk wanda motarsa ta yi ko atishawa sai ta ce, "Kai ta wurin ƙanena. Ni na raine shi." Aiki ya yi wa Tukuna yawa har ya ƙara wa rumfar ƙafa biyu.

Bayan kamar mako uku, da hantsi, sai ga ta kuma.

"Auta, tana wata ƙara."

"Wace iri?"

"Wata iri dai. Ba a jin ta a tsaye, sai ana tafiya. Kuma daga gidan gaba aka fi jin ta."

Ya zagaya motar, ya saurara. Injin na tafiya sumul kamar an shafa masa mai a murya. Ya leƙa ta taga. A kujerar gefen direba an share ƙura, an ɗora sabon matashi, ga fulas ɗin shayi da kofi biyu a tsakiya. Yaya na kallon gaba, tana ɗan buga sitiyari da yatsa.

"Nisa ne wurin?" ya tambaya.

"Bayan gari. Katifa shida. Hanyar shiru, ba kowa sai ni da rediyo."

Tukuna ya juya ya ce wa Mai Walda ya sa masa ido a rumfa, duk wanda ya zo a ce masa an fita gwaji. Ya wanke hannu da sabulu har sau biyu, ya buɗe ƙofa ya zauna a kan matashin.

"Irin wannan ƙarar takan ɗauki lokaci kafin a gano ta, Yaya."

"Na sani," in ji ta, ta sa giya. "Zuba mana shayin, kuma ka riƙe kofin da kyau, akwai ramuka a gaba."